Yadda mai lambu zai karanta ruwa da iska a bakin kogin Ogun

A saman motar tumatir na shigo Legas a 2006, daga Kura, da buhun kayana da fartanya biyu. Yayana ya tare ni a Mile 12, washegari da asuba ya kai ni fadamar da ke bayan titin Ikorodu, inda kogin Ogun ke rabuwa rassa kafin ya zube a babban ruwan nan da ake kira lagun, wani reshen ya bi ta Agboyi, wani ta Majidun. A nan nake lambu har yau: latas, alayyafo, albasa mai lawashi, ugu, da lalo wanda Yarbawa ke ce wa ewedu. Duk shekara sai an turo mini yara daga gida su koyi aikin, kuma duk shekara abu guda ke kayar da su, shi ne suna zuwa da lissafin daminar Kano a ka. Ni ma shi ya kayar da ni. Don haka na zauna na rubuta abin da na sani, saboda wanda zai kama fili a nan ya san yaushe ruwa ke zuwa, ta ina yake zuwa, da kuma lokutan da iskar wurin ke cin ƙirji.

Sauke lissafin gida tukuna

A gida damina ɗaya ce. Ruwa ya sauka a Mayu ko Yuni, a yi marka a Agusta, ya ɗauke wajen ƙarshen Satumba, a shiga kaka. Nan kuwa biyu ce. Ta farko tana kamawa daga Maris ko Afrilu ta kai Yuli, kuma a Yuni take tsananta. Daga ƙarshen Yuli zuwa cikin Agusta sai ruwa ya ja baya, daidai lokacin da ake waya daga gida ana ce maka katanga ta faɗi saboda marka. Sai ya dawo a Satumba da Oktoba, ya yi ta jan ƙafa har cikin Nuwamba. Abin da ke sauka a Legas a shekara yakan haura milimita 1,500, kusan ninki biyu na abin da muka saba da shi.

Abu na farko da wannan zai canza maka shi ne fangali. A Kadawa kwarmi muke yi, mu tayar da gefe don ruwa ya zauna. Idan ka yi haka a nan cikin Yuni, kwana biyu saiwar latas ta ruɓe. Tayar da gadon shuka za ka yi, ya kusa kai gwiwa a wuri mai kwari, ka bar lambatu mai zurfi a tsakani, ka kuma bi shi da ƙafa ka ga inda yake zubarwa, domin lambatun da ba shi da mafita tafki ne ka haƙa wa sauro. Wurin renon iri kuma ka yi masa 'yar rumfa da ganyen kwakwa, tsayin ƙugu, don ɗigon ruwan nan yana da nauyi, yakan kwantar da ƙananan tsiro ya binne su da laka. Ka ba shuka tazara fiye da ta gida. Danshin nan ba ya barin ganye ya bushe, in ka cunkusa su sai ruɓa ta bi layi ɗaya bayan ɗaya. Kashin kaji kuwa a bar shi ya huce sosai kafin a zuba, kuma kada a zuba shi ana ganin hadari, kogi za ka yi wa taki.

Hadarin ma iri biyu ne. Na Maris da Afrilu, da na Oktoba, irin namu ne na gida: ya taso daga gabas baƙi ƙirin, iska ta riga shi isowa, ya zuba da tsawa cikin sa'a guda ya wuce. Shi ne mai yaye kwano, don haka tun Fabrairu ka bi rufin bukkarka da ƙusa. Da ka ji iskar nan mai sanyi ta buso, ajiye garwar ban ruwa ka fita daga fili, kada ka fake a gindin bishiyar da ke tsaye ita kaɗai. Na Yuni da Yuli kuwa daga wajen teku yake zuwa, sama ta yi toka-toka, ba wata rugugi mai yawa, ya kama tun dare ya wuni yana zuba. Irin sa aka yi ranar Lahadi 10 ga Yulin 2011, wanda ya ci rayuka a cikin gari, irin sa kuma aka sake gani ranar 3 ga Yulin 2024.

Hutun da ruwa ke yi a Agusta shi ne lokacin da na fi so a shekara. Gari a lumshe, iska mai sanyi, ɗan yayyafi jefi-jefi, latas ya yi ta faɗi ba ya ɗaci. Amma sai ka shirya masa tun yana nesa. Ni nakan zuba iri a reno wajen tsakiyar Yuli, bayan mako uku in dasa, in cire kafin tsakiyar Satumba. Kada lumshin gari ya ruɗe ka ka ƙi ban ruwa. Tura yatsa cikin ƙasa ka ji.

Ruwan da ke zuwa rana na haske

Wannan shi ne ya fi cin baƙi, shi zan fi daɗewa a kai.

Cikin Oktoban 2010 ina da fangali sama da talatin na latas da albasa, saura kwana goma in fara cira. An yi kwanaki ba a yi wani ruwan kirki ba. Akwai wani dattijo Bayarabe mai kamun kifi da ke ɗaure kwalekwalensa a ƙasan lambuna, Baba muke ce masa. Da yamma ya tsaya ya ce mini da 'yar Hausarsa, "Mala, kwashe kaya, ruwa na zuwa." Na ɗaga kai na ga sama fes, na ce, "To Baba, Allah ya kai mu gobe." A raina ina cewa ina hadarin yake? Kwana biyu bayan nan na fito sallar asuba na taka ruwa a bakin ƙofa. Kafin hantsi ya shanye fangalin ƙasa, kafin magariba ba a ganin ko kan albasa. Shekarar ce ruwa ya mamaye Ajegunle ta titin Ikorodu, da Owode, da Agiliti, mutane suka koma shiga gidajensu da kwalekwale. An yi sanarwa, an kuma faɗa mini baki da baki, ni ne ban san yadda abin yake ba. Gaskiyar masu magana, baƙo ko da ido makaho ne.

Ga yadda yake. Kogin Ogun daga can jihar Oyo ya taso, ya ratsa Abekuta, yana kwasar ruwan duk ƙasar da ya bi. Kusa da Abekuta akwai madatsar Oyan, wadda aka buɗe a 1983 zamanin Shugaba Shagari, a kan wani kogi da ke zuba cikin Ogun. Idan daminar can ta cika ta, wajen Satumba da Oktoba, dole a rage ruwan don kada ta ɓalle. Wannan ruwan, da na sauran rafuka, duk ta kanmu zai bi: Isheri, Kara, Mile 12, har zuwa Majidun. A daidai lokacin kuma lagun ɗin a cike yake, ba shi da wurin karɓa, sai ruwan ya bazu a fadama. An sake ganin haka a 2019 da 2023. Saboda haka daga farkon Satumba, kogi za ka riƙa kallo fiye da sama.

Abin da Baba ya koya mini bayan asarar nan shi nake koya wa kowane yaro a makonsa na farko. Samo gora mai tsawo, ka kafa ta da ƙarfi a bakin ruwa inda ba a ɗaure kwalekwale, ka yi mata tsaga da wuƙa taƙi-taƙi. Duba ta sau biyu a rana, bayan asuba da kafin magariba. Ruwan nan yana ɗan hawa yana sauka kullum saboda cikowar teku da janyewarta, wannan ba abin tsoro ba ne. Abin lura shi ne idan ya hau bai koma inda yake jiya ba. In ya yi haka kwana biyu a jere, ko ya ci taƙi guda cikin dare alhali ba a yi ruwa ba, fara kwashe kaya. Ka kuma dubi launinsa. Ruwan da ya taho daga sama ja ne, mai kauri, ɗauke da ciyawa da karan masara da kututture, yana gudu ko da iska ba ta kaɗawa.

Ka riƙa lissafin wata ma. Mu da muke bin kwanan wata saboda azumi da salla, wannan ba zai yi mana wuya ba. Teku ta fi cikowa a tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu zuwa sha biyar. Idan ruwan sama mai yawa ko ruwan kogi ya haɗu da waɗannan kwanaki, magudanai ba sa zubarwa, wani lokaci ma baya suke dawowa da shi.

Hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, gwamnatin jiha kuma takan yi gargaɗi ga mazauna bakin Ogun idan za a saki ruwa. Sau da yawa da Turanci ko Yarbanci sanarwar ke fita, don haka ka yi abota da maƙwabcin da zai fassara maka, in kuma ka ji, ka sa a zauren WhatsApp na 'yan lambu da murya, saboda ba kowa ke karatu ba. Abin da ake fara ɗauka shi ne injin ban ruwa, buhunan taki, iri, maganin feshi, sai takardu a ƙulle cikin leda biyu. Tun Agusta ka san gidan da iyalinka za su kwana a kan tudu. Lambar neman agaji a Legas 112 ce ko 767, ka sa su a waya yanzu.

Bayan ruwa ya janye akwai jarabawa. Za ka ga wani latas ɗin ya tsira, kore shar, kuma kasuwa na nema. Kada ka kai shi. Ruwan ambaliya ya bi ta masai da bola da mayanka kafin ya iso gare ka, latas kuma ɗanye ake cin sa. Wanda ya ga kwalarar da ta ɓarke a Legas cikin Yunin 2024 ba zai so a ce ta lambunsa aka ɗauka ba. Tuge shi, ka juya ƙasar, ka bar rana ta dake ta. Rijiyar da ruwa ya shiga a kwashe ta, ruwan sha kuma a tafasa. Sa takalmin roba mai dogon wuya, ka riƙa bugun ciyawa da sanda kafin ka sa hannu, don macizai ma tudu suke nema.

Gishiri

Da rani kuma akasin haka ake yi. Kogi ya ja baya, ruwan gishiri ya biyo rassan ya hauro, musamman daga Janairu zuwa Afrilu. Alamarsa a bayyane take. Kainuwar nan mai shuɗin fure da ke toshe hanyar jiragen ruwa a Ikorodu bayan damina ba ta jure gishiri. Da ka ga ta fara ja tana nutsewa, ɗanɗana ruwan a bakin harshe ka tofar. In ka ci gaba da ba shuka shi, gefen ganye zai ƙone kamar an bi shi da wuta, ƙasa ta yi farin ɓawo. Ja ruwa lokacin da teku ta janye, ko ka haƙa 'yar rijiya nesa da bakin rafi.

Hazo, raɓa da hayaƙi

Wanda ya sha hunturun Kano zai ce na Legas wasa ne, kuma ta wajen sanyi da gaskiyarsa. Tsakanin Disamba da Fabrairu yake zuwa, ya yi 'yan kwanaki ya ɗauke, ya sake dawowa. Ƙurar kuwa tamu ce ta gida. Yawancinta daga kwarin Bodele a ƙasar Chadi take tasowa, ta ratsa Arewa kafin ta sauko, don haka in aka ce maka a waya buji ya rufe gari a Kano, ka sa ran wani abu daga ciki bayan 'yan kwanaki. Wani lokaci takan yi kauri sosai: a Fabrairun 2020 jiragen sama da dama sun kasa sauka a Legas, aka karkata da su Ghana.

Amma ni abin da ya fi damuna hayaƙi ne, domin shi ba shi da lokaci. Bankin Duniya ya fitar da rahoto a 2020 cewa a shekarar 2018 kaɗai gurɓatar iska ta yi sanadin mutuwar mutum kusan 11,200 a Legas, kashi 60 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Abin da ake aunawa wani ƙanƙanin gari ne da ake kira PM2.5, wanda sai an jera kusan talatin kafin su kai kaurin silin gashi. Gashin hanci ba ya tare shi, har can ƙasan huhu yake sauka. Rahoton ya sa na Legas a maikrogiram 68 a kowace kubik mita ta iska, alhali abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke so a shekara, tun 2021, kada ya wuce 5. Ba sai an gaya mana inda yake fitowa ba, muna gani: manyan motocin da ke cunkushe a titin Ikorodu, janareto a kowane shago, bolar da ake cinna wa wuta, masu babbakar ganda da tsofaffin tayoyi, masu bandar kifi. Wanda yake nan a Maris na 2018 ya tuna yadda jujin Olusosun a Ojota ya kama, hayaƙinsa ya yi kwanaki a kan unguwanni. Sai kuma namu na 'yan lambu, ciyawar da muke tarawa mu ƙona da yamma.

Da safe fadama takan tashi fari fat, kuma abu uku ne ke iya kawo haka, ya kamata ka iya raba su. In tururin raɓa ne, fari ne sol, za ka ji shi da laima a fuska, ganye ya jiƙe, kafin hantsi ya watse; wannan ba ya cutarwa. In ƙura ce, leɓe zai bushe, rana ta fito dishi-dishi, kuma har azahar yana nan. In hayaƙi ne, yana da ɗan shuɗi-shuɗi, yana da ƙauri, ido ya yi yaji. Ina da wani farin ƙyalle a aljihu saboda wannan. Nakan shafi bayan ganyen ugu da shi da sassafe: in ya fito ja-ja, ƙurar Arewa ce, in ya fito baƙi da ɗan maiƙo, hayaƙi ne ya kwana a kanmu, kuma abin da ya zauna a ganyen shi muka kwana muna shaƙa.

Dalilin da ya sa asuba ta fi muni a wurinmu shi ne muna cikin kwari. Da dare ƙasa takan huce, iska mai sanyi ta sauko ta kwanta a fadama saboda ta fi nauyi, mai ɗumi ta zauna a samanta kamar faifai a bakin tukunya. Duk hayaƙin da aka yi daga magariba zuwa wayewar gari a ƙarƙashin faifan nan yake taruwa. Kana iya ganin abin da idonka a wurin mai shayi bayan sallar asuba. Dubi hayaƙin murhunsa. In ya miƙe sama ya ɓace, iskar ranar da sauƙi. In ya kai tsayin rufi ya tsaya, ya shimfiɗe kamar tabarma ya bi layi, to gari a rufe yake. Sai rana ta ɗaga ta gasa ƙasa faifan ke buɗewa, daga azahar kuma iskar teku ta taso daga kudu maso yamma ta share wurin. A kwanakin hunturu iskar tekun takan yi rauni, ƙura ta haɗu da hayaƙi, su ne ranakun da suka fi kowane nauyi a shekara.

To me za ka yi? Ban ruwa dole da safe ne, ba yadda za a yi. A irin waɗannan ranaku sa takunkumi har rana ta ɗaga. Rawani da hirami suna tare tsakuwar ƙura, amma wancan ƙanƙanin garin ratsa su yake. Nemi mai rubutun N95 ko KN95 a kemis, ka matse ƙarfen hancin, ka ji ba iska ta gefen kumatu. Mai gemu ya sani ba zai zauna masa sosai ba, amma ya fi babu. In ya yi baƙi ko numfashi ya fara wuya a cikinsa, a sake wani. Aikin da ke sa haki, irin su kaftu da ɗaukar buhu, a bar shi sai gari ya buɗe, ko bayan la'asar. Yara da tsofaffi da mai asma kada a fito da su da duku-duku a ranar da hayaƙin mai shayi ya kwanta. Mai babbar waya yana iya sa manhajar IQAir mai nuna lambar gurɓatar iska: ƙasa da 50 lafiya lau, in ta haura 100 masu ciwon ƙirji su kiyaye, in ta haura 150 ta zama ja, kowa ya kiyaye. Sai dai na'urar da ke aunawa tana iya kasancewa a wata unguwa mai nisa, don haka in waya ta ce kore, hancinka kuma ya ji ƙaurin taya, bi hancinka.

Ciyawa kuwa ina roƙon 'yan'uwa mu daina ƙona ta. Haƙa rami a gefen lambu, ka zuba ta, ka bi da kashin kaji, ka rufe da ƙasa. Da zafi da danshin garin nan, cikin wata biyu zuwa uku ta zama taki. Leda da robar maganin feshi kada su shiga wuta ko kaɗan. Feshin ma a yi shi lokacin da iska ta yi laushi, ka ba ta baya, ban da bayan azahar da iskar teku ke kwasarsa ta kai wa maƙwabci, kuma a cika kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba kafin a cira.

Cikin ɗaki

Wata 'yata tana da shekara huɗu ta fara tarin dare, ƙirjinta na fito kamar ana busa sarewa. Ni duk zatona sanyin fadama ne, sai ƙara mata bargo nake. Mahaifiyarta ce ta ce, "Malam, ka lura ba ta yi sai daren da muka kunna igiyar leko muka rufe taga?" Muka ɗaga katifa, ƙasanta ya yi baƙi da funfuna, haka bangon bayan akwati. A asibiti aka ce asma ce, aka ba ta abin shaƙa. Muka koma gidan sauro, muka ɗora katifa a kan katako, muka ja kaya taƙi guda daga bango, duk ranar da rana ta fito a damina kuma sai an fitar da shimfiɗa. Girki ya koma waje. Ba ta rabu da ciwon ba, amma yanzu sai a yi watanni bai tashi ba, kuma abin shaƙarta na jakar makaranta kullum.

Wanda ke kisa cikin dare ɗaya kuwa janareto ne da gawayi. A damina ake shigo da janareto soro ko baranda saboda ruwa da ɓarayi, a hunturu kuma a shigo da kurfoti a rufe ƙofa. Dukansu suna fitar da wata iska mai suna kabon monoksaid, ba ta da launi ba ta da wari, mutum yana barci take ɗauke shi. Na taɓa taya fitar da samari uku daga wani ɗaki a layinmu, wani dare cikin Yuni. Biyu sun tashi, ɗaya sai gawarsa aka kai gida. Janareto a waje yake zama, nesa da ƙofa da taga kamar taku bakwai ko takwas, bakin hayaƙin na kallon wani gefen. Yi masa 'yar rumfa da sarƙa da kwaɗo. In mutanen ɗaki ɗaya suka tashi da ciwon kai da jiri da tashin zuciya gaba ɗaya, a fita waje nan take. Wanda aka samu a sume, a buɗe ƙofa da taga, a fito da shi iska, a nufi asibiti. Kada a tsaya ɗura masa manja ko madara, ba sa maganin komai, shaƙe shi za su yi.

Tarin da ya wuce mako biyu kuma kada a ce hazo ne a yi ta shan citta. A je a yi gwajin tarin fuka, kyauta ne a asibitocin gwamnati, maganin ma haka. Yaron da ke numfashi da sauri, ko kake ganin ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa in ya ja iska, ba a kwana da shi a gida.

Kafin ka biya kuɗin fili

Yawancin masu zuwa da rani suke kama fili, lokacin da ko'ina a bushe yake, kowane wuri kuma ya yi kyau. Kada ka biya ranar da aka nuna maka. Zaga ka dubi katangu da turakun wutar lantarki da gindin bishiyoyi, za ka ga layin da ruwa ya bari, wani a idon sawu, wani a ƙirji. Dubi rassan ƙananan itatuwa, in ka ga tsofaffin ledoji a rataye sama da kanka, ruwa ne ya ɗora su. Tambayi mai kwalekwale inda ruwa ya tsaya a 2019 da 2023, shi ba fili yake son ba ka haya ba. Sannan ka dawo sau biyu, sau ɗaya bayan sallar asuba, sau ɗaya da la'asar, ka tsaya a inda za ka kafa bukka ka juya fuskarka kudu maso yamma. In akwai juji ko wurin babbaka ta wannan gefen, wata tara a shekara hayaƙinsa a ɗakinka zai sauka, gara ka ƙara kuɗi ka matsa gaba. In ka samu wanda ya yi maka, ka roƙi mai filin ya haɗa maka da ɗan tudu ko da na fangali biyar ne, inda za ka ajiye reno da inji daga Satumba zuwa ƙarshen Oktoba.